Mutum na Uku

A duk layinmu babu wanda ya kai mutuminmu sanin darajar kansa. Mutum ne da idan zai zauna sai ya fara duba kujerar, ya ga ko ta cancanta. Ba ya tafiya da sauri, domin a ganinsa sauri na masu neman wani ne, shi kuwa nemansa ake yi. Ko ruwan sha zai nema a cikin gidansa, sai ya yi gyaran murya irin ta masu buɗe taro. A kamfanin sayar da kayan gini inda yake aiki akwai manaja, akwai mataimakin manaja, sannan akwai shi. Amma idan ka ji yana ba da labarin ofis, za ka rantse waɗancan biyun 'yan rakiyarsa ne. Katin da ya bugo wa kansa ya ce Babban Jami'in Tsare-tsare, kuma har yau ba a gano abin da yake tsarawa ba.

Na san shi ciki da waje, domin ni nake aske masa gemu kowace safiya a gaban madubi, ni nake ɗaura masa agogo, kuma matata ce matarsa. In ba ku gane ba, ni ne. Amma ku bar ni in ci gaba da kiransa mutuminmu, saboda abin da ya aikata ya fi daɗin faɗa idan wani ne ya yi shi.

Duk girman mutuminmu, akwai kalma guda da ba ya son ji. Tun daga ajin farko na sakandare har suka fita, na uku yake zuwa. Bai taɓa hawa ba, bai taɓa sauka ba. Na ɗaya wani dogon yaro ne mai shiru-shiru da ake kira Zakara, ta biyu kuma wata yarinya ce mai tabarau. 'Yan aji suka raɗa masa Na-Uku, sunan ya bi shi har ƙofar fita. Daga baya ya auri ta biyun, a tunaninsa ya rage abokan hamayya, ashe shaida ya kawo gida. Yanzu akanta ce, yaranmu sun girma sun kama gabansu sai Auta, kuma har gobe idan Maman Auta ta dube shi ta saman tabarau, sai ya ji kamar ana raba sakamako.

To sai ga sanarwa cewa tsofaffin 'yan ajinsu za su haɗu ranar Asabar a filin makarantar. Mutuminmu ya sha alwashin a wannan karon shi zai zo na ɗaya. Ya sayar da filinsa, ya haɗa da tsohuwar motarsa, ya sayo mota mai amfani da lantarki, irin wadda ake gani a talla a ce ko wa ke sayen wannan. Baƙa ce, doguwa, tana sheƙi. Ba ta da tankin mai, ba ta da salansa. Hannun ƙofarta a ɓoye yake sai ka matso ya fito da kansa, a ciki kuma akwai allo mai faɗin faranti. Ga maƙwabta ya ce daga kamfani aka aiko masa kai tsaye. Dillalin da ya sayar masa yana da wani labarin daban, amma ba a layinmu yake zaune ba.

Aibinta ɗaya ne, ba ta da murya. Tsohuwar motarsa tun daga bakin titi take sanar da isowarsa, yara su kauce, masu hira su juyo. Ranar da ya shigo layi da sabuwar, mutane huɗu suna zaune a ƙofar mai shago, babu wanda ya waiwayo. Wata kaza tana tsakiyar hanya, sai da ya tsaya ta gama abin da take yi. Dole ya danna hon a bakin ƙofar gidansa, alhali ƙofar a buɗe take.

Maman Auta ta zagaya motar sau ɗaya, ta yaba, ta yi addu'a, sannan ta ce:

“Baban Auta, inshora fa?”

Takardar wucin gadi da dillali ya ba shi ranar Juma'a za ta ƙare, kuma ba a hawa titi babu inshora. Bayan sayen motar, kuɗi ɗaya ne ya rage a gidan, kuɗin makarantar Auta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma in ba a biya kafin ƙarshen wata ba, ba za ta zauna jarrabawar fita ba. Kuɗin yana asusun mutuminmu, domin shi ya dage cewa irin wannan amana maigida ke riƙe ta.

Ya gyara tsayuwa ya ce, “Uwargida, ni da nake kwatanta farashin siminti da rodi tun ba ki fara sa tabarau na biyu ba, inshora ce za ta gagare ni? Ba ni zan neme su ba. Zan leƙa nan, in leƙa can, in sa su yi ta kokawa a kaina. Kamfanin da ya samu wannan motar a littafinsa ai talla ya samu kyauta.”

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma ciki.

Ofishin farko dogon gini ne na gilashi, sanyin ciki har yana sa mutum atishawa. Aka zaunar da shi gaban wani matashi mai laktaye da murmushin da ba ya ƙarewa. Matashin ya ce zai yi masa 'yan tambayoyi ne kawai. Mutuminmu ya ji daɗi, domin ya daɗe yana jiran a yi hira da shi.

“Yallabai, nawa ne darajar motar?”

Ya faɗi kuɗin da ya saya, ya ɗora kusan rabi a kai, don kada yaron ya raina shi.

“Kana yawan tafiya da ita?”

“Ni ai ba na zama. Yau ina nan, gobe ina can. Wani lokaci sai na tambayi sakatariyata a wane gari nake.”

Ba shi da sakatariya, kuma tafiyarsa ba ta wuce gida, ofis, da shagon mai wanki da guga.

“Kai kaɗai ke tuƙa ta?”

“Wani lokaci ni, wani lokaci direbobina.”

“A ina take kwana?”

“Duk inda dare ya same ni. Kuma ka rubuta cewa kafin ka gama atishawa ta kai gudun ɗari. Na gwada.”

Matashin yana ta dannawa, murmushinsa yana ƙara faɗi. Shi kuwa mutuminmu ya ɗauka burge shi yake yi, bai san kowane cika baki da kuɗinsa ba. Da aka gama, na'ura ta turo takarda, matashin ya miƙo da hannu biyu. Mutuminmu ya duba lambar da ke ƙasa, ya cire tabaransa na karatu ya goge, ya sake dubawa.

“A'a, ba ka gane ba,” ya ce. “Ba sayar da motar zan yi ba.”

“Na shekara ɗaya ke nan, Yallabai. Cikakkiyar inshora.”

Matashin ya shiga bayani. Batirin motar kaɗai ya kai rabin kuɗinta, kuma a shimfiɗe yake a ƙasanta, in dutse ya same shi da kyau ba a faci, sai dai a sauya gaba ɗaya. Bambarta ba roba ce kawai ba, cike take da idanu da kunnuwa na lantarki. Gareji biyu ne kacal aka yarda su taɓa ta, kuma ko murfin fitila ne ya tsage, sai jirgin ruwa ya kawo wani. Rabin zuciyar mutuminmu yana alfahari da jin haka, ɗaya rabin yana neman wurin kwanciya. Ya yi lissafi a ransa, ya ga lambar ta yi daidai da kuɗin makarantar Auta, da ɗan canjin da bai wuce na shayi ba. Ya miƙe ya ce zai tuntuɓi masu ba shi shawara. A ƙofa ya tura gilashin da aka rubuta “Jawo” a jikinsa.

Mutuminmu mai saurin ɗaukar darasi ne, shi ya sa bai taɓa zuwa na huɗu ba. Ya gane cewa a wannan kasuwar girman kai ake aunawa a caje ka. Washegari ya rufe ƙofar ofishinsa, ya buɗe kwamfuta, ya shiga irin shafin nan da ke jera maka farashin kamfanoni da yawa a lokaci ɗaya. A nan ya fara sauka daga kan kujerarsa da kansa. Direbobi suka ɓace. Tafiye-tafiye suka koma zuwa ofis da dawowa. Ya rage darajar motar zuwa gaskiya, da ya ga farashin bai motsa sosai ba, ya rage ta ƙasa da gaskiya. Ya rubuta cewa motar a cikin gida take kwana, bayan ƙofar ƙarfe. Kafin lokacin cin abincin rana, Babban Jami'in Tsare-tsare ya zama wani dattijo mai tsoron titi, wanda ba ya fita in ana ruwa, kuma bai taɓa wuce babur ba. Da akwai gurbin da za a rubuta cewa tura motar yake yi da hannu, da ya cike.

Farashi ya sauka, amma saukar da ba ta kai a gaya wa mutum ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ko ya zama attajiri ko ya zama almajirin kansa, na'urar ba ta damu da shi ba, batiri take kallo. Ashe duk tsadar nan ba darajarsa ake yi wa inshora ba.

Daga nan waya ta fara ruri, domin ya bar lambarsa a shafin. Wani kamfani ya ce zai rage masa sosai, da sharaɗin duk ɓarnar da ta faru shi zai fara biyan kaso mai tsoka daga aljihunsa. Wani ya ce nasa ya fi araha, sai dai babu batiri a ciki, babu gilashi, babu ambaliya, babu ɓarnar da ta faru a wurin caji. Mutuminmu ya lissafa abin da ya rage, ya ga madubin ciki ne da tabarmar ƙafa. Wani kuma ya ce za su dasa masa na'ura a motar, ta riƙa kai musu rahoton yadda yake taka burki. Ya ce shi yana da mata akanta, ba ya buƙatar ƙarin mai sa ido.

Ranar Alhamis wani abokin aiki ya kwatanta masa wani ƙaramin ofis a saman shagon masu sayar da taya. Matakalar siririya ce, warin roba ya raka shi har sama. A ciki fanka ce ke juyawa, da wata mata mai kimanin shekarunsa tana shan shayi. Ta karɓi takardun motar ta duba.

“Yallabai, kai ne mai ita na uku ko? Ga sunan mutum biyu kafin naka.”

Mutuminmu ya yi tari, ya ce ba tarihin motar ya zo ji ba.

Ta ce cikakkiyar inshora a wurinsu ma kuɗinta kusan ɗaya ne da na sauran kamfanoni, bambancin bai taka kara ya karya ba. “Amma in dai don ka hau titi ne, akwai mai araha ƙwarai. Ko kuɗin cefanen mako bai kai ba. Ta mutum na uku.”

Ya miƙe tsaye. Kujerar ta yi ƙara.

“Baiwar Allah, dube ni da kyau. Dubi agogon nan. Leƙa ta taga ki ga abin da na ajiye a ƙasa. Na yi miki kama da mutum na uku? Wa ya aiko ki? Ni a gidana na ɗaya ne, a wurin aikina ba a yanke shawara sai an ji ta bakina. In kuna da ta mutum na ɗaya ki kawo, in babu ki faɗa mini in tafi inda aka san mutane!”

Matar ta kurɓi shayinta, ko a jikinta.

“Yallabai, ai kai ne na ɗayan. Mu kamfani mu ne na biyu. Wanda ka buge a hanya shi ne na uku, shi za mu biya.”

Mutuminmu ya koma ya zauna a hankali. Tun da yake, babu wata hukuma da ta taɓa kiransa na ɗaya, sai yau a saman shagon taya. Ya so ta maimaita, amma ya daure.

“To motata fa, in wani abu ya same ta?”

“Motarka kuma sai addu'a.”

Ta nuna masa 'yar takardar da ake liƙawa a gilashin gaba. Ga kalmar nan ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe. Ya hango 'yan ajinsu sun kewaye motar ranar Asabar, ɗaya ya sunkuya yana karantawa da ƙarfi. Ya tattara takardunsa ya sauka.

Da yamma suna cin abinci ya fara zagaye-zagaye. Ya yi magana a kan muhimmancin kare dukiya. Ya ce mai hankali ba ya barin babban jari a buɗe. Ya ce kuɗi in yana kwance a asusu ba ya amfanar kowa, kuma aro a cikin gida ba aro ba ne, juya kuɗi ne. Ƙarshen wata ai da saura.

Maman Auta ta ajiye cokali, ta dube shi ta saman tabarau.

“Baban Auta, filinka ne, ka sayar, ban ce komai ba. Motarka ce, ka sayo, na yi maka addu'a. Amma kuɗin yarinyar nan, in ka taɓa shi, ba ni zan gaya mata ba. Kai za ka kira ta, ka faɗa mata da bakinka cewa batiri ya fi ta.”

Ya ce ba ta fahimci harkar manya ba. Ta ce haka ne, ita lissafi kawai ta iya, ta kwashe kwanuka.

Kuna tsammanin wannan ya ishe shi? Ba ku san mutuminmu ba. Ranar Juma'a da hantsi ya sa rigarsa mafi tsada, ya koma ginin gilashi. Matashi mai laktaye ya tare shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya, aka kawo lemo mai sanyi. An gyara amsoshin an cire direbobi, lambar ta ɗan ragu, amma har yanzu sai ta cinye kuɗin Auta kusan duka. Mutuminmu ya fito da waya, ya buɗe asusun, ya shigar da lambar kamfanin. Yana gaya wa kansa zai mayar kafin ƙarshen wata. Daga ina, bai tambayi kansa ba, domin ya san ba shi da amsa. Babban yatsansa yana saman wurin dannawa sai wayar ta yi ƙara. Auta ce.

“Baba! Baba, sakamakon zangon da ya wuce ya fito! Na zo ta uku a duk sashenmu!”

Tana ihu, ana jin ƙawayenta suna tafi a bayanta.

“Ta uku fa, Baba! Mama ta ce kai zan fara gaya wa, wai gado na yi. In na dage a jarrabawar fita, malaminmu ya ce za su iya riƙe ni aiki. Baba, kana ji na?”

A nan kam ba zan iya cewa mutuminmu ba. Ni ne zaune a kujerar nan, da lemo a gabana, da kuɗin 'yata a ƙarƙashin yatsana. Shekara da shekaru ina gudun kalmar nan, ban taɓa jin an faɗe ta da murna ba sai a bakin Auta. Daɗi ya cika ni, kunya kuma ta rufe ni, har na kasa haɗa ido da yaron da ke jiran kuɗi. Na ce mata Allah ya yi mata albarka. Na kashe wayar, na rufe asusun.

Sai mutuminmu ya dawo hayyacinsa, ya gyara wuyan riga, ya shaida wa matashin cewa masu ba shi shawara sun ce a dakata. Ya shanye lemon, tun da an riga an buɗe. Ya hau matakalar shagon taya, ya biya kuɗin da bai kai cefanen mako ba, ba tare da ya furta sunan abin da yake saya ba. Da yatsa ya nuna. 'Yar takardar kuwa ya liƙa ta can ƙasan gilashi a lungu, ya jingina kwalin tishu a bayanta, kamar hakan zai hana a gani daga waje.

Ranar Asabar suka kama hanya, Maman Auta a gefensa. Motar da ke kai gudun ɗari kafin a gama atishawa ta fita layi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Yanzu da ya san ko ƙwarzane ne daga aljihunsa za a gyara, kowane babur abokin gaba ne, kowane rami kabarin batiri ne. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi yana tsattsafo masa duk da sanyin motar. Wani mai keke ya wuce su, ya waiwayo ya tambaya ko mai ne ya ƙare.

Suka iso filin makaranta taro ya riga ya cika. An kafa rumfa, kiɗa yana tashi, janareta yana ruri. Masu furfura da masu tumbi suna ta rungumar juna suna kiran tsofaffin sunaye. Mutuminmu ya hango Zakara, wanda yanzu malamin lissafi ne a jami'a, tsaye kusa da wata tsohuwar mota mai faci a ƙofa. Zuciyarsa ta yi fari. Ya lallaɓa ya ajiye tasa daf da bayan ta Zakara, don duk mai ido ya kwatanta da kansa.

Babu wanda ya ji isowarsa. Maman Auta ta fita, ƙawayenta suka yi ihu suka janye ta cikin rumfa. Shi ya zauna a ciki da gilashi a rufe, yana jiran jama'a su taru kafin ya buɗe ƙofa, domin irin wannan fitowar ba a yin ta babu 'yan kallo. Har ya shirya ƙafar da zai fara saukewa.

Ana nan sai aka ce kujeru ba su isa ba, Zakara ya ce bari ya je ya ƙaro. Ya shiga motarsa, wadda madubinta na ciki ya daɗe da faɗuwa. Ya san lokacin da ya ajiye ta babu kowa a bayansa, kuma bai ji ƙarar wata mota ta zo ba. Ya tayar, ya sa ribas. Mutuminmu ya ga bayan tsohuwar mota yana tahowa, ya ruɗe, ya kai hannu zai danna hon, ya dangwali allo. Murfin but na bayan motarsa ya buɗe a hankali, cikin ladabi.

Ƙarar da ta biyo baya ita ce ta farko da motar ta taɓa yi tun da ya saye ta. Aka kashe kiɗa. Jama'ar da yake jira suka taru, duk da ba haka ya tsara ba. Fitila ɗaya ta tarwatse, bamba ta rataye da wayoyi suna reto. Motar Zakara kuwa ko fenti bai goge ba, domin babu fentin.

Mutuminmu ya fito, bai ma san ƙafar da ya fara saukewa ba.

Zakara ya riƙe kai ya ce, “Subhanallahi! Na-Uku, kai ne? Wallahi ban ji zuwanka ba. Yi haƙuri, laifina ne. Amma kwantar da hankalinka, ina da inshora.”

Ya laluba aljihu ya fito da waya, ya kira, ya sa a lasifika saboda kunnensa ya fara nauyi. Muryar da ta amsa, mutuminmu ya gane ta tun daga sallama, har yana jin ƙarar cokali a kofin shayi. Zakara ya yi bayani tiryan-tiryan kamar yana gaban allo. Matar ta ce ba damuwa, za ta buɗe fayil.

“To Malam, wane ne mutum na ukun?”

Mutum wajen arba'in, masu jikoki, waɗanda ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba tun suna aji, suka nuna shi da yatsa suka amsa da murya ɗaya:

“Ga shi nan!”

Aka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Maman Auta ta cire tabarau tana share hawaye. Da aka karanta wa matar lambar motar, sai ta ce, “Au, Yallabai mai lantarki ne? Sannu. Jiya-jiya fa kai ne na ɗaya.”

Abin da inshorar Zakara ta biya ya sayi fitilar da rabin bamba. Sauran rabin mutuminmu yana tarawa daga albashi, kayan kuma an ce suna cikin jirgin ruwa, jirgin kuma yana kan hanya. Auta ta zauna jarrabawarta, kuɗinta bai yi ciwon kai ba. Motar tana tsakar gida a lulluɓe da tamfol, shiru kamar yadda ta saba. Ga maƙwabta ya ce irin waɗannan motocin ana hutar da su lokaci-lokaci, kamfani ne ya ba da umarni.

Kowace safiya yanzu a ƙaramar motar Maman Auta yake zuwa ofis. A kujerar baya yake zama, ya harɗe ƙafa, ya buɗe jarida, yadda duk wanda ya hango zai ce babban mutum ne da direbarsa. Maman Auta ce ke tuƙi, maƙwabciyarmu da suke aiki tare ce a gefenta. Sauran lissafin kuma ba sai an je sakandare ba.